Waƙar da Na Tsallaka da Ita Iyaka

Tun a bakin iyaka asirina ya fara tonuwa. Wani mai kaki ya leƙo tagar motarmu ya zubo Faransanci kamar ana juye tsakuwa a kwano. Malam Tukur ya juyo ya ce, "Shafi, bismilla, amsa masa." Na ce bonjur. Ya ƙara zubowa. Na ce sa ba. Ya sake zubowa. Kalma ɗaya ta rage mini a duniya, ita ce kombiyan, wato nawa ne, na ga in na faɗe ta za a ce tayin mutum nake yi. Sai na tsaya ina washe baki. Mutumin ya yi dariya ya ce da Hausa, "Ku sauko da jakunkuna. Kai kuma ɗan Najeriya, manka ya ƙare."

Anti Saratu ta dube ni ta saman tabarau. "Kai da ka ce ka yi shekara biyu a Maraɗi?"

"Anti, sun canza Faransancin ne bayan na tafi."

Bari ku san su wa ke cikin motar. Ni sunana Shafi'u, ɗan Muciya a Sabon Gari, amma a Samaru Shafi Kwafi ake ce mini, don a shagon buga takardu da fotokwafi nake aiki. Sau uku na zauna jarrabawar gama sakandare, lissafi ya rantse ba zai gaisa da ni ba. Amma rabin masu digirin Samaru ta yatsuna suka bi. A cikin masu kawo mini aiki akwai wasu ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin tarihi, masu taruwa duk Alhamis da la'asar a gindin wata dalbejiya. Suna kiran kansu Zauren Tarihin Ƙetare Iyaka. Ni kuwa 'Yan Tsallake nake ce musu. Aƙidarsu ita ce layin da Turawa suka ja a taswira bai raba tarihin mutane ba. Abin da ka ji a wannan gefen, ka tsallaka ka ji na wancan, sannan ka jera su ka gwada. In bakuna biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suka faɗi abu ɗaya, to ka kama wani abu. Dokarsu babba kuwa, wadda Malam Tukur shugabansu ke maimaitawa har sai ka ji kamar ka toshe kunne: ba a sa wa tsoho magana a baki. Ka tambaya, ka yi shiru.

Anti Saratu malamar sakandare ce da ta ɗauki hutun karatu, hutun kuma ƙarshen shekarar zai ƙare. Kirista ce, daga wani ƙauye bayan Giwa, kakanninta Maguzawa. A gidansu ana cewa asalinsu arewa ne can cikin Nijar, wa da ƙane suka rabu a wata yunwa, ƙanen ya gangaro kudu, wan mai suna Nomau ya zauna. Shaidar da ta rage musu waƙa ɗaya ce da ake yi ranar buɗe rumbu:

Rijiya mai baki biyu,
Mun bar guga a gindinki,
Ki gaya wa Nomau,
Ba gudunsa muka yi ba.

Duk aikinta a kan waƙar nan ya rataya. In ta same ta a bakin wani a can, ta gama. Ni na buga mata hirar da ta yi da babanta, na yi ta mayar da kaset baya har na haddace, ina rerawa ina zare takarda daga inji. Da na ji za su Nijar a watan Afrilun 2005, sai na ce ai ni ɗan gari ne a Maraɗi. Iyakata Jibiya, ita ma biki na je. Yawo kawai nake so. Suka ba ni riƙon rikoda da kwandon goro da sukari, tsarabar tsofaffi.

A tashar Maraɗi wani mai farar riga da biro uku a aljihu ya tare mu. Ya ce shi jikan marokan gari ne, rijiya mai baki biyu kuwa kakarsa a can ta yi wanka. Ya ce al'ada ita ce a tura goro gaba, a sanar da dattawa, kafin baƙi su iso. Malam Tukur ya dube ni, tunda ni ne ɗan gari. Na gyaɗa kai kamar alƙali na ce, "Haka ake yi." Mutumin ya ɗauki rabin kwandon, ya ce mu jira shi a gindin wata tsamiya. Kwana biyu muna gadin tsamiya. Ni da na taso a Sabo, inda muke sayar wa baƙo agogon da ba ya tafiya, ga ni an yi mini aski ba ruwa. Mai shayin wurin ne ya ji tausayinmu, ya ba mu tabarma da ruwan randa, ya ce, "Wannan mai biron, bara wasu Turawa ya kai su ganin kabarin da shi ya tara ƙasarsa."

Daga nan muka kama hanyar Tasawa. A-kori-kura ta sauke mu inda kwalta ta ƙare, amalanken jaki ya karɓa. Rana kuwa ba irin tamu ba ce, wannan tana da ƙullin mutum a zuci. Ruwan sha kalar kunun kanwa. Duk ƙauyen da muka isa tsari ɗaya ne: a gaida mai gari, a shimfiɗa tabarma, a kira tsofaffin da har yanzu ke riƙe da al'adun gargajiya, in danna rikoda, Anti ta tambaya ta yi shiru. Su yi waƙar daka, su yi ta gayya, su yi ta farauta. Babu rijiya, babu Nomau. Shi Malam Tukur harajin zamanin Faransa yake gwadawa da na Ingila, kuma duk tsohon da ka taɓa da zancen haraji sai ya cika kaset biyu yana zagi. Malam kullum fuska a sake. Anti kullum littafinta fari.

A ƙauye na tara cikina ya yi juyin mulki. Ba zan ba ku dalla-dalla ba, amma duk wani kurmi da ke gabashin garin nan ya san ni. Zazzaɓi ya biyo baya. Anti Saratu ce ta jiƙa ɗankwalinta tana ɗora mini a goshi, ta kwashe sukarin da ya rage na tsofaffi tana dama mini da gishiri. Na ce, "Anti, in na mutu ki ce wa 'yan Muciya a fagen bincike na faɗi." Ta ce, "Sha ka rufe mini baki, ƙanena. Me zan ce wa mamanka?"

A kwance nake kewar gida kamar in yi ihu. Doya da ƙwai na bakin kasuwar Sabo. Ƙarar 'yan acaba. Matar da ke zagina da Turancin buroka duk safiya don na taka mata kwata. Har ɗauke wuta na yi kewa, don sai inda akwai wuta ake ɗauke ta.

A amalanke aka kai ni ƙauye na sha ɗaya kamar buhun gero. Aka sauke mu gidan wata tsohuwa, Inna Kande. Tana ganina ta ce, "Wannan ne mijin da aka kawo mini daga Najeriya? Ko tsayuwa bai iya ba. A mayar musu da kayansu." Na ce, "Inna, bari in warke, kishiyoyi za ki yi ta kora." Tun daga nan muka ƙulla. Ita ta dafa mini wasu saiwoyi masu ɗacin bala'i, ta tsaya a kaina da muciya har na shanye. Kwana biyu cikina ya koma bariki.

Ranar da na fara takawa, na zagaya bayan rumbu sai na tarar da Anti zaune a ƙasa, tabarau a hannu, tana kuka ba sauti. Ban bari ta gan ni ba. Da na dawo na ji Malam Tukur yana cewa batir biyu suka rage da kaset ɗaya, amma ba za mu juya ba, za mu ƙara mako guda mu nausa gabas. Mako guda! Ni da nake ƙirga kwanaki kamar ɗan fursuna.

Washegari da hantsi suka sake tafiya gaida mai gari, suka bar ni wai in huta. Inna Kande na niƙa a tsakar gida, ni ina kishingiɗe, sai na ji bakina yana rera waƙar nan.

"Wace waƙa ce wagga, miji?"

Kar in ɗora wa Shaiɗan, ranar yana hutu. Ni ne. Na matso na ce, "Inna, kin ga yayata ɗin nan? Waƙar gidansu ce. Kewa ke damunta, jiya har kuka ta yi. In ta tambaye ki waƙar buɗe rumbu, ki haɗa mata da wannan, ta ji daɗi. Amma kar ki ce ni na koya miki. Wasa ne."

Ta ce, "To mi za ya hana? Baƙuwa ta taho da nisa."

Sau uku na rera, ta ɗauke. Ta murɗa ta da irin harshensu, ta ja ta yadda suke jan waƙar niƙa, har ni sai da na ji kamar tasu ce tun asali. Har yau in aka tambaye ni don Anti na yi ko don doya da ƙwai, ba ni da amsa mai tsabta.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarma. Na danna rikoda da wannan yatsan. Anti ta tambaya a gajiye, "Inna, akwai waƙar da mata ke yi in za a buɗe rumbu?" Tsohuwa ta yi ɗaya, ta yi biyu, nasu na gaske. Sai ta gyara zama ta ɗauko ta uku. Tana cewa "rijiya mai baki biyu" biro ya faɗi daga hannun Anti. Ta kai "ba gudunsa muka yi ba", na ce shi ke nan an gama. Ashe ba a gama ba. Inna Kande mawaƙiya ce, ta ji waƙa ta tsaya a rataye, sai ta rufe ta da nata:

Nomau ya ji,
Yana nan yana jira.

Anti Saratu ta rarrafa ta faɗa jikin tsohuwar nan tana kuka kamar yarinya. Malam Tukur, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa duka ba, ya miƙe yana zagaya tabarma. "Kun ji? Kun ji? Da iri ɗaya ce sak, da na yi shakka. Amma ga ƙari! Na kudu suna ba da haƙuri, na arewa suna amsawa. Rabi a can, rabi a nan. Shafi, rikodar tana juyawa?"

"Tana juyawa, Malam."

Ya tambayi Inna wa ya koya mata. Ta ɗan dube ni, ta ce, "Tsohuwa ba ta riƙe irin wannan, ɗana." Ya rubuta.

Da safe da za mu juya gida, Anti ta ciro zanenta mafi kyau, wanda take zuwa coci da shi, ta ba ta. Inna Kande ta karɓa. Ta ja ni gefe ta damƙe mini wuyan hannu, babu zancen miji yanzu. "Kai ka ce wasa ne. Kukan ga ba na wasa ba ne. Ka gaya mata kafin ku kai kwalta."

Na ce to.

Muka kai kwalta. Muka kai Maraɗi. Muka tsallaka iyaka, Anti ta saya mini tsire a Jibiya tana cewa ƙafata ce mai albarka. A Katsina na buɗe baki, sai na ga tana rungume da jakar kaset kamar jariri, na ce bari mu kai Funtuwa. A Funtuwa na yi barcin ƙarya.

Wata huɗu ina ɗauke da abin nan a Samaru. Ni na buga babi na huɗu da hannuna, shafi arba'in a kan ɗango biyu na Inna Kande. Anti ta karanta shi a gindin dalbejiya, 'Yan Tsallake suka tafa, wani ya ce wannan sai an kai shi taro a ƙasar waje. Ni ina raba musu kwafi ina zolayar kowa kamar kullum. Abinci dai ya daina yi mini daɗi, har doyar.

Wata ranar Talata Anti ta zo shago a buga shafin godiya. Tana tsaye a bayana tana faɗa ina bugawa. Ta gode wa Allah, ta gode wa malaminta, ta gode wa Zaure. Sai ta ce, "Sa: da ƙanena Shafi'u, wanda ya kusa barin ransa a hanya." Kafin in motsa ta ƙara, "Ka san na kai wa Baba kaset ɗin? Sau bakwai ya sa aka juya. Ya ce in an yi girbi sai na kai shi ya ga 'yan'uwansa. Mutumin da ko coci sai an riƙe shi! Har ya ware musu buhun dawa."

Na daina bugawa, na juyo.

"Anti, ni na koya mata."

"Wa?"

"Inna Kande. Waƙar. Ranar da kuka je gidan mai gari."

Na jira mari. Wallahi da ta mare ni da na ji sauƙi. Injin fotokwafi yana ta aikinsa a gefe.

"Ɗango biyun ƙarshe fa?"

"Ita ta ƙara. Nan take."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. "Buɗe babi na huɗu." Na buɗe. "Goge."

"Anti, ba wanda ya sani. Daga ni sai ke sai tsohuwar da ko rediyo ba ta da shi. Hutunki saura wata uku..."

"Ni na sani. Goge."

Na goge. Shafi arba'in, ƙiftawar ido.

Ranar Alhamis na laɓe bayan wata mota ina jin ta. Ta miƙe a gaban Zaure ta ce ta janye babin. Ta ce kuskurenta ne, ta bar wanda ya san waƙar ya zauna gida ɗaya da mai ba da labari, shaidar ta gurɓace. Ba ta kira sunana ba, ko da yake kowa ya san mutum nawa suka yi tafiyar. Malam Tukur bai zage ni ba. Ya dai koma kai aikinsa shagon da ke tsallaken titi, in mun haɗu ya amsa sallama ya wuce. Hutun Anti ya ƙare ba digiri, ta koma aji da alli. Sai da ta ƙara shekara uku, tana koyarwa tana sake aikin ta wata hanya, kafin ta gama.

Amma kafin ta bar Samaru ta zo ta tsaya a ƙofar shago, ba ta shigo ba. "Na gyara na takarda. Saura Baba. Ni ba zan iya ba. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Asabar."

Muka je. Tun daga bakin gari yara suka ruga suna cewa ga wanda ya gano dangi. Baba Ranau, mahaifin Anti, dattijon coci, tsoho kamar a hure shi ya faɗi, ya sa aka ɗaga shi tsaye don kawai ya riƙe hannuna da hannu biyu. An yanka kaza, har an nemo Musulmin da ya yanka saboda ni. Na shirya maganata tun daga Samaru, na yi ta bitarta a mota. Na ce, "Baba, akwai abin da na zo in faɗa."

"Za ka faɗa, ɗana. Ci tukuna." Ya tura mini kwano. Sai ya rufe ido ya ɗauko waƙar da 'yar muryarsa. Ya kai inda ta saba tsayawa shekara tamanin, bai tsaya ba. Nomau ya ji, yana nan yana jira. Hawaye na bin tsagar fuskarsa. Ya ce, "Uwata ta mutu tana cewa sun riƙe mu a zuci, sun ce mun gudu mun bar su da yunwa. Ashe sun yafe. Ɗana, kai da ka gani da idonka, rijiyar tana nan?"

Na dubi Anti. Tana kallon ƙasa.

Na ce, "Tana nan, Baba."

"Da ruwa?"

"Da ruwa."

Na cinye kazar. Muka hau mota muka koma Samaru. Da Anti za ta sauka ta ce, "Ni ma ina wurin, ban kuma hana ka ba," ta rufe ƙofa.

Baba bai je Nijar ba, ƙafa ta hana, da damina ta zagayo ya rasu. Amma kafin nan ya tara jikoki da surukai ya koya musu waƙar cikakkiya, yadda ya ce 'yan'uwa na arewa suna yin ta.

Bara wani sabon ɗan Zaure, yaro mai zafin karatu da bai san komai a kaina ba, ya kawo mini aiki. Ya je ƙauyukan bayan Giwa ya naɗo waƙoƙin rumbu. Ina cikin bugawa na ci karo da ita, ɗango shida cif. A ƙasa ya rubuta da kyakkyawan hannunsa: tsohuwar waƙa ce, mata uku a gidaje daban-daban sun tabbatar, ba a san wanda ya fara ta ba.

Na ɗaga hannu daga kan inji na zauna ina kallon takardar.

Ya ce, "Oga Kwafi, lafiya? Sauri nake, ƙarfe huɗu zan gabatar."

Na buga masa yadda ya rubuta. Ko waƙafi ban canza ba.